Rajikase

Lokacin da kuɗin fetur ya sa gwamnati ke tura mutane karatu waje, maigidana ya tafi da ni Landan. Muka sauka a wani bene a unguwar Woolwich, hawa na biyu. Ni da ko haruffan boko ban gama haɗawa ba! Amma kunne, Allah Ya ba ni.

Maƙwabciyata 'yar Japan ce, mijinta na sayar da kayan lantarki. Turancinta bai fi nawa ba, sai muka koma hira da kayan ɗaki. Ta nuna talabijin ta ce "terebi". Abin canja tasha daga nesa, "rimokon". Rediyo mai cin kaset kuwa "rajikase". Ashe kalmomin Turawa suke kamawa su datse musu wutsiya. Na ce, "To, mu ma haka muka yi wa mota, sai dai ku almakashinku ya fi kaifi." Ba ta gane ba, amma ta yi dariya. Ta ara mini rajikase ɗaya, da sharaɗin in riƙa rage murya, don bangon kamar takarda yake.

Na haihu cikin hunturu. Ba uwa, ba goggo, ba mai dama mini kunun kanwa. A gida mai jego gashi take sha, ni kuwa sanyi ya shige mini ƙashi. Wata rana da hantsi, maigida ya tafi makaranta, na zuba gawayi a tsohuwar tukunya, na hura, na barbaɗa turaren wuta. Na rufe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da zani. A garinmu ɗaki na shan iska ta ko'ina. Wa ya gaya mini nan ba haka ba ne?

Kaina ya fara sarawa. Na ɗauki jaririyata in ba ta nono, ta ƙi kamawa. Wuyanta ya langaɓe. Innalillahi! Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ce ba da su ba. Na buɗe baki, murya ta maƙale. Na ja jiki har gindin rajikase, na murɗa shi ƙarshe. Kalangun kaset ɗin da ke ciki ya cika gidan.

Sai ga bugun ƙofa, cikin faɗa: "Rajikase! Rajikase!"

Maƙwabciyata ce. Allah Ya sa ban sa sakata ba, halin da maigida ke yi mini faɗa a kai kullum. Ta turo da ƙyar, ta ga tukunyar, ta ƙwalla ƙara. Ta wangale tagogi, ta fizge yarinyar ta yi waje da ita, ta dawo ta ja ni ta hammata. Ina kwance a kan matakala, ina kallonta tana murza bayan 'yata, ba motsi.

Can sai wani ɗan tari, sannan kuka.

A asibiti muka kwana. Yarinyar yanzu tana da jikoki, suna yi mini dariya idan na ce a rage muryar rajikase. Su yi ta yi.