Ƙwaƙwalwa ta Uku a Injin Yankan Kwano

Nu'uman ɗan Zariya ne. Aikin Abuja ya zo nema, tsadar haya ta turo shi Suleja, ya ƙare a wata masana'antar kwanon rufi a hanyar Izom. Mutum ne da ko kwaɗo ya kulle sai ya dawo ya jijjiga shi. Karatunsa ma haka yake: yadda ake raba wa ƙwaƙwalen na'ura aiki, kowane aiki da wa'adinsa, in ɗaya ta mutu wata ta karɓa kafin lokaci ya ƙure.

Injin yankan kwano ƙwaƙwalwa uku ya sa masa, biyu na aiki, ta uku na jiran ko-ta-kwana. In hannu ya shiga ƙarƙashin wuƙa dole ta tsaya kafin ƙiftawar ido, domin umarnin da ya makara ba shi da maraba da wanda bai zo ba.

Ran nan manaja Samuel ya leƙa akwatin ƙwaƙwalen injin. "Injiniya, wannan me take yi?"

"Jira take, Oga."

"Jira? Nan ba ma ciyar da mai zaman banza." Ya sa aka cire ta, aka kai ta wani sabon inji.

Nu'uman ya yi magana sau ɗaya. Sau ɗaya tak! Da ya ga fuskar manaja ta canza sai ya ja bakinsa, wai kada aiki ya kuɓuce. Abin haushin, ko masu tura kwano a bakin wuƙar bai gaya wa ba.

Wata bakwai lafiya lau, har Samuel na tsokanarsa. Wata Talata da rana aka ɗauke wuta, janareto ya karɓa da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ɗaya ta ƙone. Ɗayar ta ɗauki kayan biyu, umarnin tsayawa ya shiga layi. Wuƙar ta tsaya, amma bayan ta raba Titus, mai tura kwano, da yatsu huɗu na dama.

Laifi tudu ne: Samuel ya taka nasa, ya hango na Injiniya, aka kori Nu'uman. Yanzu gyaran waya yake a kasuwa. Korar ba ta taɓa ci masa rai kamar shirun da ya yi ba.

Bara Titus ya kawo masa waya. Babu ƙorafi, har da murmushi, don har yau bai san an taɓa cire komai daga injin ba. Ya miƙo hannu su gaisa.

"Yi haƙuri da hagu, Injiniya."