Tatsuniyar da Inna Ta Ƙi Rufewa

Ɗazu mai keke ya bi da ni ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa a nan Gusau. Ciyawa ta cinye dogo, awaki kwance a kai abinsu. Sai Inna ta faɗo min a rai, kakata ta wajen uba.

Muna yara a ƙauyenmu kusa da Tsafe, da an sallame magariba sai mu kewaye murhunta. Kowace tatsuniya sai ta rufe ta da ƙurunƙus kafin mu watse. Ban da guda ɗaya, ta Doki Mai Cin Wuta.

"Can ƙasar Turawa anka haife shi, bakin ramin kwal," haka take farawa. "Da fari dawaki ka jan shi. Ran da ya ɗanɗani wuta da ruwa, sai ya ce shi da dawaki har abada."

Daga nan ya ƙetare teku, ya ratsa Masar, ya ratsa ƙasar Hindu. Duk garin da ya sauka sai ya ajiye gishiri da atamfa, ya ɗauki ɗa guda. Ya ɓullo Ikko, ya zo Zariya, ya iso nan. Nan sai Inna ta tsaya tana tona toka.

"Inna, ƙarshen fa?"

"Ji min mijin banza! Ko cefane ba ka yi, ƙarshe kaka nema? Bai komo ba tukuna."

Mamata ce ta faɗa min daga baya. Inna na da wa, Ummaru, mai dakon buhunan gyaɗa a tasha. Wata rana ya hau jirgi zuwa kudu, ya ce kafin shuka zai dawo. Inna na budurwa lokacin. Tun daga nan, duk ranar da aka ji kukan jirgi sai ta rufe malmalar tuwo a akushi ta ajiye masa. Da safe mu samu ɗumame.

Wata rana Baffa ya dawo daga Gusau yana cire takalmi yana cewa, "Inna, jirgi fa ya daina zuwa. An kulle tasha."

Da yamma ta yi mana ta Dokin, tun daga ramin kwal har garinmu. Ba ta tona toka ba.

"Ƙurunƙus," ta ce. Ta zuba tuwo a akushin nan, ta turo mana. "Ku cinye tun da zafi."

Muka yi ta ihu, yau Inna ta rufe! Har da kokawa a kan miya.

Wallahi a lokacin na ɗauka tatsuniya ce kawai ta ƙare. Sai da na girma, na ga yadda ake jiran wanda ya bi hanya wayarsa ta daina shiga, sannan na gane. A gabanmu Inna ta yi wa yayanta jana'iza, mu kuwa muna ta lashe hannu.