Juyi Biyu da Sifana

Mijin yayata gyaran famfo yake yi a wani kamfanin tsaga katako da ke bayan garin Kumasi. Ba famfon alwala nake nufi ba, manyan nan ne masu tura ruwa cikin tukunyar tururi, waɗanda in sun tsaya sai duk injinan kamfanin su tsaya. Ya fi shekara ashirin a kansu. Ni kuwa makaniken mota ne a Magazin, unguwar makanikai, da matata da 'ya'ya biyu, kuma a lokacin gani nake babu ƙarfen da zai gagare ni.

Ƙarshen shekarar 1969 aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasar Gana. Ni da yayata abin bai shafe mu ba, iyayenmu mutanen arewacin Gana ne, mu kuma a unguwar Alabar ta nan Kumasi aka haife mu. Shi ne ya zo daga ƙetaren iyaka yana saurayi, a ƙafa, bayan shanu, kuma bai taɓa tunanin wata takarda ba. Manajansu ya yi masa alkawarin wasiƙa, a rubuta cewa kamfanin ba zai iya aiki ba sai da shi, ko a bar shi ya zauna. Amma sai mai kamfanin ya zo ranar Alhamis ya ga babban famfon da ake gyarawa, sannan ya sa hannu.

Mijin yayata ya ce in zo in kama masa, don abokan aikinsa biyu sun riga sun tafi. Kwana biyu muna kwancewa muna wankewa. A ƙarshe ya yanka wata igiya mai maiƙo guntu-guntu, ya naɗa ta a inda sandar ƙarfen mai juyawa take fitowa daga cikin famfon, ya danne da murfi mai noti biyu. Bai yi mini bayanin komai ba. Shi da ma haka yake, sai ku yini tare bai yi magana goma ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya tayar da famfon. Sai na ga ruwa yana ɗiga daga wajen igiyar, ɗis, ɗis, har ya fara jiƙa siminti. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya tafi canza riga.

To, mu a Magazin yoyo abin kunya ne. Mota ta bar rumfarka tana ɗigar mai ko ruwa, sai an shekara ana yi maka tsiya. Na ce a raina, bawan Allah tunani ya yi masa yawa, idonsa ya rufe, ga mai kamfani na tafe. Na ɗauki sifana na yi wa kowane noti juyi biyu. Ɗigar ta tsaya cak. Har tsumma na samo na goge ƙasa, ina ta jin daɗin kaina.

Mai kamfanin da manaja ba su daɗe da tsayawa ba aka fara jin ƙauri. Sai hayaƙi, sai wata ƙara mai tsinka kunne. Kafin a kashe injin igiyar ta ƙone, ta ci sandar ƙarfen. Mijin yayata ya dubi busasshen simintin, ya dube ni. Manaja ya tambaya cikin fushi wa ya ɗaure notin nan.

"Ni ne, Masa," in ji mijin yayata, don haka leburori ke kiran manaja a can. "Hannuna ya yi nauyi."

Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa.

A cikin tirotiro, motar haya, muna komawa gida na ce, "Yaya, bari in koma in gaya musu gaskiya."

"Ka gaya musu mi? Na kawo mutum na waje ya taɓa injinsu? Wannan ya fi muni paa, nesa ba kusa ba." Sai da muka kusa unguwar Asawase sannan ya ce, "Ruwa nan da ka gani, shi ke sanyaya igiya. In bai ɗiga ba, wuta ne. Ni ne ban gaya maka ba."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na ji haushin kaina, na kuma ji haushin shirunsa, har yau ban gama jin duka biyun ba.

Ya koma ya yi kwana uku ya gyara musu famfon sarai, bayan an riga an gaya masa mai kamfani ya fasa sa hannu. Wataƙila da ma ba zai sa ba. Akwai waɗanda suka samu wasiƙa kuma duk da haka suka tafi. Na sha gaya wa kaina wannan.

Ranar tafiyarsu na raka su tasha. Yayata ta ƙi a bar ta, ta ce inda mijinta ya sa ƙafa nan za ta sa. An ɗaure kayansu a saman mota, shi ya riga ya shiga ya zauna. Sai ta riƙe hannuna, na gane daga fuskarta cewa bai gaya mata komai ba.

"Allah ya saka maka da alheri," ta ce. "Kowa ya watse, kai kaɗai ka tsaya masa a aikin nan."

Na ce amin. Can ta rasu bayan shekaru, ba ta sake ganin Kumasi ba.