Baƙon Dauro da Angon Kaka

Shekaranjiya maƙwabciyata a nan Bacirawa ta ɗora tukunyar ganyen darbejiya, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Kai mai karatu, in ka taɓa shaƙar wannan ɗacin, ka san ba ya barin hancin mutum. Ni dai nan take ya mayar da ni gidanmu na ƙauye, can bayan Dawakin Tofa, a wata bazara da ƙyanda ta shigo gari.

Da ma lokacinta ke nan. An daɗe da gama sussuka, gonaki sun zama fili fetal sai tushiyar kara, mangwaro ya fara nuna, zafi kuwa ko kaza sai ta saki baki. Maza sun tafi cin rani birni, har da Babanmu. Gida ya rage daga Inna sai mu yara, sai Baffa ƙanin Baba mai babur ɗin haya, sai kuma uwar gayya, Kaka, mahaifiyarsu.

Kaka gajeriya ce, ƙafa ba ta zama, baki ba ya hutawa. Idonta na hagu yana da hakiya, wato farin tabo ya rufe ƙwayar. In muka tambaye ta dalili, kullum da sabon labari. Yau ta ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mata, gobe ta ce aro ta ba wa marigayi kakanmu ya tafi da shi, jibi ta ce ai ɗayan ma ya ishe ta ganin rashin jinmu. Ƙanena kuwa, wanda a lokacin bai daɗe da barin nono ba, shi ne angonta. Kullum da safe sai ta tare shi a ƙofar ɗaki tana mitar bai kawo cefane ba, shi kuma ya damƙa mata ɓawon gyaɗa, ta karɓa da hannu biyu tana godiya.

A gidanmu ba a cewa ƙyanda, sai baƙon dauro, saboda ƙurajen sun yi kama da ƙwayar dauro. Kuma baƙon yana da dokoki, Kaka ce mai tsaronsu. Ba a soya komai a gidan da ya sauka. Ba a yi wa yaro wanka, sai dai a shafe shi da ruwan darbejiya. Ba a fita da shi ko zaure. Uwa uba, ba a yi masa allura, wai baƙon zai yi fushi ya koma ciki. Takan ce baƙo raɓa ne, in aka girmama shi zai tafi da kansa.

Gaskiya ɗaya ce, wajen gane shi babu kamarta. Ƙanena ya fara da zazzaɓi mai zafi, sai tari, sai majina kamar an buɗe famfo. Inna ta ɗauka mura ce. Da idanunsa suka yi jajur suna hawaye, yana cusa kai cikin zanin Inna don gudun haske, Kaka ta ce a kawo mata shi bakin ƙofa. Ta buɗe bakinsa, ta karkata kai ta leƙa da idonta mai gani, ta nuna wa Inna wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikin kumatunsa kamar an barbaɗa gishiri. Ta ce a gyara ɗaki, angonta ya yi baƙo. Bayan 'yan kwanaki kuwa ƙuraje suka feso a bayan kunne da goshi, suka cika fuska, suka gangara ƙirji da ciki har ƙafafu.

Kaka ta kori sauran yara daga sashenmu, ta hana mata masu goyo shigowa dubiya, wannan kam ta yi daidai. Ni aka bari ina yi masa fifita, don na riga na yi tawa tun ina goye. Na ji daɗin muƙamin nan ƙwarai, musamman da yake duk kunun da ya ƙi sha ni nake shanyewa.

To amma baƙon nan bai yi halin raɓa ba. Ƙuraje sun gama fitowa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Zawo ya biyo baya. Yaron da ba ya barin komai ya wuce ta gabansa ya koma ko ruwa aka kai bakinsa sai ya kawar da kai. Kwantsa ta manne masa idanu. Numfashinsa ya zama sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Inna tana gani, hankalinta ya tashi, amma yaya za ta yi? Miji ba ya gari, kuma a wancan zamanin matar ɗa ba ta buɗe baki ta ce wa suruka dokarta ba daidai ba ce. Sai ta shiga madafa ta yi kukanta, ta fito ta ce hayaƙi ne.

Wata rana da hantsi Kaka ta shigo da ƙwaryar ruwan ɗumi, tana tsokanarsa wai ango ya daina kallon amarya. Ta jiƙa tsumma ta goge kwantsar a hankali, ta ɗaga fatar idonsa na dama. Ina kusa, na ga abin da ta gani: wani hazo-hazo ya fara kwanciya a kan baƙin idon. Sai tsokanar ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kai yatsa ta taɓa nata idon na hagu.

"Ke, ɗauko mayafinki," ta ce wa Inna. "Asibiti za mu."

Inna ta ce a hankali, "Iya, to allurar fa?"

"Su yi masa ko guda nawa ne. Nawa idon ba ƙaiƙayi ba ne, baƙon nan ne. Kakata ta girmama shi iya girmamawa, da zai tafi ya tafi da shi. Na ba shi ɗaya, ba zan ƙara masa da na mijina ba."

Ranar ce Kaka ta fara hawa babur a duniya. Ita da take cewa ƙafafunta ba su yi mata laifin da za ta hau abu mai ƙafa biyu ba, sai ga ta a bayan Inna, Inna rungume da yaro, Baffa ya koma kan tanki. Shekaru bayan haka, in Baffa yana son ba mu dariya, sai ya kwaikwayi yadda ta damƙe masa riga ta saman kafaɗar Inna, duk ramin da suka faɗa ta ja salati, in ya rage gudu kuma ta ce masa ko jaki ya fi shi sauri.

A asibiti, in ji Inna, aka keɓe su a gefe. Malamar asibiti ta yanke bakin wani ɗan ƙwanso na bitamin A ta matsa masa a baki, aka sa masa man ido, aka ba shi ruwan gishiri da sukari, aka kuma yi allurar nan da ake tsoro saboda ciwon da ya sauka a ƙirjinsa. Ba ta yi musu faɗa ba. Ta dai ce ita ƙyanda gara a kawo yaro tun da aka ga zazzaɓi da jan ido da ƙuraje. In kuwa numfashi ya yi sauri, ko yaro ya ƙi sha, ko zawo ya tsananta, ko ido ya yi hazo, ko kunne ya fara ruwa, ko ya shiɗe, to ba a jiran gari ya waye. Ta ƙara da cewa akwai rigakafi tun yaro yana wata tara. Kaka ta ce me ya sa ba a gaya mata ba tun tuni, alhali ita ce take korar masu rigakafin daga zaure.

Da suka dawo, fatar ƙanena tana ta saɓa, ya rame sai kai, amma idanun nan biyu tangaran. Abu na farko da ya yi shi ne ya tsinci ɓawon gyaɗa a tsakar gida ya miƙa wa Kaka. Wannan karon ba ta yi godiya ba, kuka ta yi.

Har ta koma ga Allah ba ta yarda ta karya doka ba, cewa take baƙon ne ya yi rashin kunya. Amma daga shekarar nan, duk jaririn da ya kai wata tara a gidanmu ita take tasa uwarsa a gaba zuwa rigakafi. Ƙanena tela ne yanzu. Da ganinta ya yi rauni, shi yake zura mata zare a allura, tana ce masa ya yi a hankali da idanun, nata ne ta ba shi ajiya.

Yau gonakin da muka sani sun zama gidaje, asibiti ya matso kusa, adaidaita sahu yana bakin layi. Amma tsoron allurar nan bai gama fita daga zukata ba. Shi ya sa shekaranjiya na zura hijabi na shiga maƙwabta. Na tarar da yarinya kwance, idanu jajur, ƙuraje a bayan kunne, kakarta tana zaune a gefe da ƙwaryar darbejiya. Muka gaisa, na yi musu sannu, na ce a tashi mu je asibiti. Tsohuwar ta ce, "Haba 'yar nan, ai baƙo raɓa ne."

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma mu a gidanmu ya taɓa tafiya da ido."

Ta dube ni, ta dubi jikarta. Sai ta ajiye ƙwaryar, ta ce a miƙo mata takalmanta.