Zanen da Aka Binne a Gonar Iya

Wata ranar Asabar ce, cikin daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, kakata Iya ta tashe ni da sassafe in je in tsinko mata kuɓewa a 'yar gonarta ta bayan gida kafin awakin unguwa su riga mu. Ruwa ya kwana yana zuba, ƙasa ta yi laushi, silifas ɗina sai maƙalewa yake yi a caɓi. Ina zagayawa bayan katanga na hango sabuwar maƙwabciyarmu, Anti Rahila, a tsugune tsakanin kuɓewa da rama, da 'yar fartanya a hannunta. Ta haƙa rami, ta ninke wani farin yadi dogo, sabo ƙal, ta sa a ciki, ta mayar da ƙasa, ta bi ta tattake da ƙafa. Da muka haɗa ido sai ta yi murmushi ta ce, "Jummai, kin tashi lafiya?" kamar wadda na tarar tana shanya. Na amsa da sauri. Ina juyowa na ga Iya tsaye a bakin katanga da butarta, ashe ta ga komai.

Gidan haya ne muke ciki a unguwar Kwamba, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A irin gidan nan ko manja kika soya sai an san da albasa ko babu. Baba yana fita tun asuba ya bi motar Abuja, mu kuma yara mu ja ruwa, mu yi wanke-wanke, mu tafi makaranta, in mun dawo a dasa 'yar carafke a bakin ƙofa har a kira magariba. Ranakun hutu a kwashe mu zuwa gonar Baba a ƙauyen Chaza, mu yi ta koran tsuntsaye muna satar gyaɗa ɗanya. Kowa ya san asalin kowa, sai Anti Rahila. Ita kaɗai ta zo, ba miji ba ɗa, daga wajen Filato, da Hausarta mai wani irin lanƙwasa. Ta ce da masu talbijin take aiki, amma ba mu taɓa ganinta a talbijin ba. Abin da ya fi tsaya wa matan gidan a rai shi ne yadda take bin tsofaffi har cikin unguwar Hashimi tana neman tsofaffin tufafi: gwado, saƙi, hular da ta ci zamani. Har Iya ta durƙusa wa, ta roƙi aron saƙin mahaifiyarta da ke ƙasan fantimoti. Iya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce babu. Bayan ta fita ta ce mana, "Me rayayye zai yi da tufafin matattu? Ruwa ba ya tsami banza."

Ni kuwa a ɗakin nan nata na tsinci abin da ya zame mini sana'a. Tana da wata jakar bakko cike da littattafan ban tsoro, wasu na Turanci, wasu na Hausa, yawancinsu bango ya yage. Ita ta fara ara mini, ɗaya bayan ɗaya, in na maido sai ta sa in ba ta labarin da bakina, ta riƙa katse ni tana cewa, "A'a, kin yi sauri. Ki bar masu sauraro su jira tukuna." Wanda na fi so shi ne na wani mai gadin maƙabarta da kullum safiya yake tarar an share masa ƙofar ɗaki, an yayyafa ruwa, alhali shi kaɗai ne mai rai a wurin. Wayyo, littafin nan ya hana ni zuwa banɗaki ni kaɗai har ƙarshen zango! A makaranta, lokacin tara, nakan tara ƙawayena a gindin mangwaro in ba su, in ƙara nawa gishirin, har wata ta fasa kuka aka kai ƙarata wurin malami. Amma kada a ɗauka na yarda da Anti Rahila. Jikar Iya ce ni. Sai na yi a'uzubillahi nake shiga ɗakinta, in ta ba ni biskit in shinshina shi a ɓoye, sannan in cinye.

Tun daga safiyar kuɓewar nan gida ya canza. Iya ta ce biri ya yi kama da mutum, farin yadi a rami ai likkafani ne, saura a ji na wa. Nan da nan kowa ya tuno abin da ya gani. Maman Sadiya ta ɗakin ƙarshe ta rantse ta ga matar tana jiƙa zane a ruwan ganyen shayi, wata ta ce ta ga riga a bahonta duk jini. Zazzaɓin da ya kama jaririn Maman Sadiya aka ɗora mata, kazar da ta mutu aka ɗora mata, har ruwan rijiya da ya yi gurɓi, wanda duk damina haka yake yi tun kafin a haife ni. Baba ya ce, "Ku bi a hankali, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya," amma shi baƙo ne a gidan, kwana kawai yake yi. Aka hana ni taka ƙofarta. Aka aika wa Alhaji mai gidan cewa ko ya tashe ta, ko su su tashi.

Alhaji ya zo bayan la'asar, aka ɗunguma bayan gida, yara muna leƙe ta kan katanga. Maman Sadiya ce ta yi tonon, tana yi tana salati, garin sauri har fartanya ta ɓarke yadin daga gefe. Anti Rahila ta tsaya ta harɗe hannu, idonta ya yi ja. Ta ce wasan kwaikwayo ake shiryawa na zamanin da, tun kafin zuwan Turawa, ita ce mai kula da suturar 'yan wasa. Sabon yadi ƙyalli yake yi a hoto, kowa zai gane na kanti ne, shi ya sa take binne shi ya kwana biyu ya sha ƙasa, ta jiƙa shi a shayi ya dafe. Jinin kuwa zoɓo ne, na rigar wanda za a sara a fagen yaƙi. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kowa ya koma ɗakinsa, ba wanda zai tashi. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In wasa ne, me ya sa sai fari? Me ya sa sai a gonata?"

Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya zage ta. Shiru kawai aka yi mata. In ta yi gaisuwa a amsa a ciki, in ta shanya kaya a janye na kusa da nata, in ta ja ruwa a ɗauraye guga kafin a mayar. Da Kirsimeti ta dafa shinkafa da kaji ta aika kowane ɗaki kamar yadda maƙwabta Kirista suka saba yi, kwanukan suka koma mata ko murfi ba a ɗaga ba. Ni aka ba namu in mayar, ina tafe ƙamshi yana bina, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Bayan sabuwar shekara ta kira mota ta kwashe kayanta, aka ce Abuja za ta koma. Ta miƙo mini littafin mai gadin maƙabarta ta tagar motar, ta ce, "Riƙe, Jummai. Su waɗannan da sauƙi, in kin rufe su sun ƙare."

Sai da wata daminar ta zagayo aka fara nuna wasan. Mijin Maman Sadiya ya fito da talbijin ɗinsa tsakar gida bayan magariba, aka baje tabarmi. Can aka nuno wata tsohuwa zaune a ƙofar gari tana jiran ɗanta ya dawo daga yaƙi, ta yafa wani zane da ya dafe, ya sha jiki, da ɓarka a gefe. Maman Sadiya ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, wurin da na yaga!" Na waiga na ga Iya ta matsa har gaban talbijin, hawaye na bin kumatunta, wai matar sak mahaifiyarta. Da ta share ido sai halin ya motsa, ta ce ai matan da ba haka suke yafa zane ba, kuma ba irin wannan suke sawa a bakin ƙofa ba, saƙi ne. Da yarinyar nan ta tambaya da an nuna mata. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai ta tambaye ki, Iya." Na sunkuyar da kai ina jiran ranƙwashi, bai zo ba. Washegari ta buɗe fantimoti, ta fito da saƙin, ta shanya shi ya sha iska, ta ce wa Baba in ya ji inda yarinyar nan take a Abuja ya gaya mata ta zo ta karɓa. Baba ya yi cigiya har ya gaji. Iya ta rasu saƙin yana saman kayanta, ba a ƙasa ba.

Yau littattafan ban tsoro nake rubutawa, kuma har gobe zargi ne jarina. Da idon Iya nake kallon kowane baƙo, sai dai na koyi riga shi gaisuwa. Gonar kuɓewa ta zama jerin shaguna, keke na ta kaiwa da komowa a gabanta. Kwanakin baya aka ɗauki wani littafina za a mayar da shi wasan zamanin da, na je na ga yaron da ke kula da sutura yana fesa wa sabon yadi wani abu daga gwangwani, kafin in zauna yadin ya tsufa. Da ya ji ina da saƙi na gaske ya roƙi aro, na ce ya yi haƙuri, an riga an yi wa wata alkawarinsa. Duk wasan da aka gama nakan zauna in bi sunayen da ake jerowa a ƙarshensa ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga Rahila. Saƙin yana nan, yana jiran mai aronsa.