Baba Ya Sauko Daga Tirela

Shekara ashirin da bakwai Baba ya yi yana kallon mutane daga sama. Tirelar wani kamfanin dakon kaya yake ja, mai taya goma sha takwas, abokan aikinsa kuma Sha-Kwana suke kiransa. A gida kamar baƙo yake: ya zo kwana huɗu a wata, ya yi barcin uku, ran na huɗu ya tambayi ajin da kowa yake, ya manta kafin ya sa takalmi. Ni ce babbar 'yarsa, kuma sai da na shekara biyu da gama makaranta ya daina ce mini in dage da karatu.

Ranar da kamfanin ya rufe, an tara su a gareji, direba tamanin da ɗoriya, aka jera kujerun roba, aka raba lemon kwalba. Baba ya ce tun daga lemon nan gabansa ya faɗi, don a saninsa ko ruwan famfo sai da roƙo. Manaja ya hau kan akwatin kayan gyara ya ce su ba ma'aikata ba ne, 'yan uwa ne na jini. Ya ce kamfani ba rufewa zai yi ba, sake fasali zai yi, sai dai sabon fasalin babu motoci a ciki, babu gareji, babu direbobi. Ya ciro hankici ya goge ido. Aka ba kowa takardar yabo mai zanen furanni. A bakin ƙofa mai gadi ya karɓi makullai, ya kuma laluba aljihun kowane ɗan uwa kafin ya bar shi ya fita.

Satin farko Mama har da sabon labule. Sati na biyu Baba ya shiga kicin. Ya sauko da manyan tukwane ƙasa, ya mai da robobi sama, ya ɗaure tukunyar gas da igiya a jikin ƙarfen taga, ɗauri uku.

"Baban yara, wannan fa?"

"Idan aka taka birki fa? Kan wa za ta faɗo?"

"Kicin ne. Tun da aka gina shi bai taɓa motsawa ba."

"Haka kowa yake cewa," in ji Baba, ya ƙara ɗauri na huɗu.

Da safe kuma sai ya zagaya falo yana bugun ƙafafun kujeru da ƙafarsa, ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne.

Kamfanin bai watsar da 'yan uwansa haka kawai ba. Ya ɗauko musu wani masani, mai kwat ɗin da ta matse shi har ba ya iya ɗaga hannu, ya tara su a zauren wani otal don ya koya musu sabuwar rayuwa. Ya ce su rufe ido su hango kansu nan da shekara biyar. Bai san direban doguwar tafiya ba ya rufe ido a banza ba. Kafin ya ƙirga goma rabin zauren na minshari. Da ya samu suka farka, sai ya nuna Baba.

"Dattijo, a me ka fi ƙwarewa?"

"Giya," in ji Baba. "Goma sha biyu nake sarrafawa, ba na ko kallo."

Masanin ya matso, ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya ya ce ba abin kunya ba ne, akwai cibiyar da ke taimaka wa masu irin wannan matsala. Har kati ya ba shi. Sai da aka fito wani ya fahimtar da Baba cewa ba giyar mota mutumin ya ji ba. Da ƙyar aka riƙe shi.

A shagon buga takardu nake aiki, don haka ni na rubuta masa takardar neman aiki. Ya zauna kusa da ni yana zayyano duk gadar da ya taɓa hayewa da duk gangaren da birki ya taɓa cin amanarsa. Na ce masa shafi ɗaya ake so.

"Uwata, shekara ashirin da bakwai a shafi ɗaya?"

Haka muka matse su, har fili ya ragu a ƙasa.

Aikin farko da ya samu, tuƙa wata attajira ce mai shagunan kayan ɗaki. Motar ƙarama ce, Baba ya ce ji yake kamar da wandonsa yake share titi. In zai sha kwana sai ya buɗe har hannun masu zuwa, yana ba jelar da babu ita wuri. In zai yi fakin sai ya cinye wurin mota huɗu. Matar ta jure duk wannan. Ran kwana na tara, suna kan hanya, ya dubi madubi ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗan matsa tsakiya, lodin ya karkata gefe guda." A nan bakin titi ta karɓi makullinta.

Daga nan ya gwada kai wa mutane saƙo da wata 'yar mota mai rufi, inda waya ce shugabarsa. Wata murya a ciki ke cewa ya yi dama, ya yi hagu. Baba ya riƙa amsa mata: "Ke da ba ki taɓa canza taya ba." Ya bi hanyar da ya sani, ya riga lokaci isa, wayar ta rubuta cewa ya saɓa umarni. Wani da ya kai wa takalma ya ba shi tauraro biyu cikin biyar, wai bai yi murmushi ba. Wata uku wayar ta sallame shi, ita ko lemo ba ta raba ba.

Kullum da safe tsofaffin direbobin sukan taru a teburin mai shayin da ke kallon garejin, kowa da labarin ganawar neman aikin da aka ce za a kira shi. Wata rana Mama ta aike ni in kai masa maganin hawan jini da ya manta, sai na tarar ana fitar da motocin, an yi gwanjonsu. Baba na tsaye jikin shingen garejin. Tasa ta fito a hannun wani da bai sani ba, tana kuka, tana fizga.

"Kulocin yake ci," ya ce a hankali, ba da ni yake ba. "Ba ta son a gaggauta mata."

Bai ƙarasa shayinsa ba. Kwana uku bai bugi ƙafar kujera ko ɗaya ba, abin ya fi damun Mama fiye da bugun.

Ita ce ta samo mafita. Mijin maƙwabciyarmu yana hukumar kwashe shara, ya ce suna neman direban babbar mota. Da Baba ya ji, sai ya miƙe tsaye.

"Ni? Ni da na ɗauko injinan asibiti ko ƙwarzane babu? Shara?"

"Ai na faɗa musu ba za ka iya ba," in ji Mama, tana ninke wanki. "Akwai wani lungu bayan kasuwa, da ribas ake shiga. Mutum uku sun gwada, biyu sun rushe katanga. Sun ce aikin na masu jini a jika ne, ido da wuya sai da ƙuruciya."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Faɗin lungun nawa ne?"

"Ina zan sani? Ni da kicin ɗina ba ya tafiya."

Washegari ya ce zai je ya gani kawai, don a san ba tsoro ba ne. Na bi shi. Lungun ya matse, ga rumfunan 'yan tumatir a dama, ga katangar da aka yi wa faci a hagu, ga tulin shara can ƙarshe da ya kai wata biyu yana jiran gwani. Baba ya auna faɗin da taku, ya hau motar sharar da aka ajiye a bakin lungun, ya gyara madubi, ya tofar da tsinken da ke bakinsa. Sau ɗaya ya shiga. Tsakaninsa da katanga ko tafin hannu ba zai wuce ba, kuma ko tumatir ɗaya bai faɗi ba. 'Yan kasuwa suka ɗau tafi. Wata mai sayar da kifi ta ce Allah Ya yi wa iyayensa rahama. Shugaban ma'aikatan hukumar ya tambaye shi yaushe zai fara.

"Ni gani kawai na zo yi," in ji Baba daga can sama. Amma bai sauko ba sai da aka cika motar, kuma shi ya kai ta juji.

Yanzu shekararsa biyu a can. In aka tambaye shi sana'a, cewa yake har gobe dako yake yi, kuma bai taɓa samun kaya masu daɗin sha'ani irin waɗannan ba: ba mai cewa sun fashe, ba mai cewa sun ragu a hanya. Ƙarfe huɗu yake dawowa. Mama na ajiye masa bokiti da sabulu a bakin ƙofa, ba ya tsallake dokin ƙofar sai ya yi amfani da su.

Jiya na ji shi daga waje yana ta watsa ruwa yana mita.

"Maman yara, sabulun nan ƙamshin mata yake yi."

"Ƙara," in ji Mama ta taga. "Har bayan kunne."