Rijiyar da Honorabul Ya Bari Amana

Lokacin da Hansatu take takabar mijinta a Panshekara, Suhaibu ɗan Malam Inuwa maigadi ya shigo gaisuwa ya ga randarta ba ko ɗigo. Sai ya ɗauki guga ya nufi rijiyar tsakar gida, ya cika randa, ya cika buta, ya wuce aiki. Sau ɗaya ne tak, amma ta riƙe. A lokacin ruwan rijiyar garau yake, har shayi ake da shi.

Aikin nasa kuwa, wanda daga baya fastocinsa na neman zaɓe suke kira "gogewa a harkar masana'antu", jan fata ne a wata majema a Challawa. Wata biyar ya yi yana tsamo fatu daga ruwan magani, in ya shigo layi ko kaji kaucewa suke. Da manaja ya ji yana da difloma, sai aka mayar da shi bakin get yana kiran sunayen leburori. A nan baiwarsa ta bayyana: murya. Sai ya kira suna ɗari bai nemi ruwa ba.

Ana haka rijiyoyin layin suka fara juyawa. Ta Hansatu ta fi ta kowa, don gidanta ne kusa da kwatar majemar. Ruwan ya yi baƙi-baƙi, ga wari, in an yi alwala hannu ya yi ta ƙaiƙayi. Suhaibu, da aka sallama a watan saboda yawan surutu, ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, a sam min ruwan nan a gora."

"Kai ɗan nan, sha za ka yi?"

"Kaiwa zan yi inda ya dace."

Gora ta je gidan rediyo. Ta hau mumbarin taron matasa, ta sauko da shi shugaba. Ta ba shi kansila yana ɗan ashirin da shida. In ruwan ya kwanta ya fara haske, sai ya aiko a sake cikowa, kada jama'a su zaci an samu sauƙi. Yana talatin da biyu ta kai shi Majalisar Wakilai. Malam Inuwa ya shekara ashirin yana buɗe wa motoci ƙofa, yau ga shi ana buɗe wa ɗansa.

Tun tafiyarsa Abuja sau biyu Hansatu ta ji shi a rediyo. Na farko ya ce ya goyi baya. Na biyu ma ya goyi baya. Ta ce masha Allah, murya dai tana nan.

Ita kuwa daga famfon masallaci take ɗauko ruwa, layi uku tsakani, ga ciwon gwiwa. Bana mutanen layi suka haɗa kai suka samo masu haƙar burtsatse. Injiniya ya zagaya, ya ce ƙofar gidanta ce kaɗai motar haƙar za ta iya tsayawa, amma sai an cike tsohuwar rijiya da siminti, kada ta lalata sabuwa. Sule mai shago ya shigo da sallama a madadin kowa.

"Baba Hansatu, izininku kawai muke jira."

"Amana ce a hannuna, Sule."

"Amanar wa? Mutumin da ko lambarsa ba ta shiga?"

"Shi ya san da lambarsa. Ni dai na ce na ɗauka, kuma da alwala a jikina na faɗa."

Sule ya yi magiya har ya gaji. Washegari mota ta tsallaka titi, ta haƙa wa mutanen can. Hansatu ta gyara murfin rijiya, ta ɗora dutse, ta ɗauki bokitinta.

Shekara uku ke nan da ranar da Honorabul Suhaibu ya tsaya a bakin rijiyar, hankici a hanci, direba na jira a waje, ya ce:

"Inna, abu ɗaya nake roƙo. Kada ki bari kowa ya taɓa rijiyar nan, ko yasa ko cikewa. Zan dawo da 'yan kwamiti su leƙa da idonsu."